Randar Maman Irene

Dogara ya durƙusa gaban randa yana auna bakinta da igiyar shanya. Taƙi biyu da yatsa uku. Ya ɗora igiyar a kan tsohuwar sifikar mota da ke kwance bisa tabarma, sai ya ga sun yi daidai kamar tare aka ƙera su.

"Kambai! Zo ka gani!"

Kambai mai gyaran rediyo ne a kasuwar Kafanchan, shi ya ciro sifikar daga wata mota da ta faɗi a hanyar Manchok. Ya leƙa cikin randar, ya ce "huu", randar ta mayar masa da murya irin ta bijimi.

"Baba, wannan zai yi," ya faɗa da ƙarfi. "Wufa na shago, babban sifika mai rugugi, kuɗin mashin ne. Amma sai mun huda shi ta gefe, iska ya samu hanya."

Shekara talatin da ɗaya Dogara ya yi a kan injin jirgin ƙasa. Injin ya cinye masa kunnen dama gaba ɗaya, ya bar masa rabin na hagu. Tun da 'yarsu Irene ta aiko da bidiyo daga Kaduna, kallonsa ya zama na kifi a ruwa: bom ya tashi, gada ta rushe, shi kuwa shiru. Matarsa Angelina, wadda ta taɓa koyarwa a firamare, ita ke zama ta hagunsa tana faɗa masa abin da 'yan fim suke cewa, jimla bayan jimla, har kaset ya ƙare. Amma rugugi ba a fassara shi. Dogara ya san cewa ƙara mai kauri ba ta kunne take shiga ba, ta ƙirji take bi, kamar yadda jirgin kaya ke sanar da zuwansa ta tafin ƙafa tun bai bayyana ba. Wannan yake so ya sake ji kafin ya mutu.

Angelina ta fito daga ɗaki cikin zanen zumuntar mata, da littafin waƙa a hannu. Ta dubi igiyar, ta dubi Kambai.

"Baban Irene, na faɗa maka jiya. Ba da randata ba."

"Me?"

Ta zagayo ta hagunsa. "Marigayiya mamata ce ta gina ta da hannunta a Kagoma, shekarar da ka aure ni. Ga yatsunta nan uku a wuya. Ko hotonta ba ni da shi. Ka nemi katako."

"Katako ba ya da murya."

"To ka sayi wata randar."

"Na yanzu? Bawon ƙwai ne. Ita wannan da kauri." Ya shafa cikin randar kamar mai taya saniya.

"Kambai, kai ne shaida," in ji ta. Ta fita, don an riga an buga ƙararrawar coci.

Sawunta bai gama ɓacewa ba Dogara ya kwarar da ruwan a gindin gwanda. Ruwa ne mai sanyi da ƙamshin ƙasa, wanda ko masu firiji a unguwar kan aiko a ɗebo musu in an ɗauke wuta.

"Baba, Mama ya ce a'a fa."

"Ban ji ba."

"Ta hagu ya faɗa maka."

"Kai aka aura mata? Miƙo ƙusa."

A hankali ya yi aikin, da ladabin tsohon ma'aikaci. Ya jiƙa wurin, ya riƙa murza ƙusa yana busa garin, ya faɗaɗa hudar da wutsiyar cokali har ta kai girman ƙwan zabo. Randar ba ta tsage ba. Kambai ya naɗe bakinta da yankan tsohon tib na taya, ya kifa sifikar, ya ɗaure da waya. Suka mirgina ta zuwa falo, suka jona ta da bidiyon.

Kafin la'asar falon ya cika da tsofaffin abokan aikin jirgi. Aka sa fim ɗin yaƙi. Da igwa ta farko ta tashi, gilashin taga ya yi kuka, kofi ya yi tafiya da kansa a kan tebur, wani ƙadangare ya saki silin ya faɗo kan cinyar wani. Dogara ya dafa randar da hannu biyu. Rugugin ya bi ta damatsansa ya zauna a ƙirji. Ya rufe ido, ga shi a kan inji, ana hawan tudun Jos.

Haka Angelina ta same su. Ta tsaya bakin ƙofa tana duban hudar, da ƙurar jan yumɓu da ta rage a gefenta.

"Madam, shigo!" in ji ɗaya daga cikin tsofaffin. "Tsohuwarki tana raye ba ta da surutu, yau ga shi ta samu baki a randarta!"

Aka fashe da dariya. Dogara bai ji abin da aka ce ba, amma ya ga haƙora, shi ma ya yi.

"Akwai bokitin roba a bayan gida," ya ce mata. "Ruwa ai ruwa ne."

Ta shiga ciki, ta ajiye littafin waƙa, ta sauya zane, ta dafa tuwo, ta kawo wa baƙi ruwa a bokitin roba, mai ɗumi kamar an wanke hannu a ciki.

Da baƙi suka watse, rana na gab da faɗuwa, Dogara ya mayar da kaset farko. Yanzu zai ji fim ɗin cikakke, rugugi da magana. Ya buga kujerar da ke hagunsa.

"Maman Irene, zo."

Ta zo. Ta ɗaga kujerar, ta zagaya ta bayansa, ta ajiye ta a damansa, ta zauna.

A talabijin wani soja kwance cikin jini ya riƙe hannun abokinsa yana magana, yana ta magana. Ba igwa, ba bom. Randar ta yi tsit.

"Me ya ce?" in ji Dogara.

Angelina ta karkato bakinta daidai mataccen kunnen, ta faɗa masa duka, jimla bayan jimla, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba.