Kibiya a Gaban Sunan Illo

Malam Arzika na Ƙofar Marke ba ya mantuwa. Haka yake faɗa, kuma ba mai musa masa. Sai ranar da ya sa babbar riga, ya naɗa rawani, ya tafi ɗaurin auren ɗan abokinsa a Gidan Igwai, ya tarar an ɗaura tun jiya. Ya dawo, ashe labari ya riga shi isa gida.

Jikarsa Bara'atu, mai karatun aikin jinya, ita kaɗai ke iya yi masa dariya ido da ido.

"Angona, an ce ka tahi ka gaida tabarmi."

"Tashi ki ba ni wuri. Na sake ki."

"In ka sake ni wa zai kwashi tsoho? Sai dai raguna."

Kashegari ta zo masa da littafin rubutu mai baƙin bango da biro. Tana da irinsa, ta koyi tsarin a waya, nata duk ya sha launi kamar zanen sallah. Ta ce duk abin da zai yi ya ɗiga ɗigo, ya rubuta a gabansa. In ya yi, ya kewaye ɗigon. In bai samu yi ba, ya mai da ɗigon kibiya, ranar Juma'a ya sake kwafe shi da hannunsa a sabon shafi. In kuwa ya fasa gaba ɗaya, ya ja layi ya soke.

Ya ture littafin da yatsa.

"Gobe ta Allah ce. Ni wane ne da zan rubuta ta kamar na gan ta?"

Bara'atu ta ce, "To, duk ɗigon da ka ɗiga ka ce in Allah ya so. Duk wanda ka kewaye ka ce alhamdu lillahi."

Bai ce ya yarda ba. Ya dai jawo littafin, ya juya shi, ya buɗe daga dama. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba aka kai shi gona, amma ajaminsa na karantuwa. Ta so ta raba masa shafi da ƙarfe kaza da ƙarfe kaza, ya hana. Ya raba da kansa: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba. Ya rubuta maganin hawan jini bayan asuba. Ya rubuta dusar raguna. Ya rubuta gyaran indararo kafin ruwa ya sauka.

"Saura shafin buri," in ji ta.

"Mi ya rage ma tsoho? Cikawa da imani."

"Amin. Amma sa wanda ƙafa ke iya yi. Sa duba Kaka Illo."

Fuskarsa ta ɗaure. Illo ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a Mabera. Da Illo zai aurar da 'yarsa Hindu, sai ya ba wani abokinsa na wurin aiki walicci, alhali wansa na raye, kuma shi ya kamata ya ba da ita. Tun ranar Arzika bai sake taka gidan ba. Ya ce ƙane ke zuwa wurin wa, ba wa ke bin ƙane ba. Illo ya yi ta jan ƙafa don kunya, har ciwo ya shanye masa ɓarin jiki bayan babbar sallah. Yanzu ko yana son zuwa ba ya iyawa.

"Ba ni sawa."

"Ka sa mana. In ba ka so sai ka soke, ai dokar ta ba ka dama. Ko tsoro kake?"

Don ta ce tsoro ya rubuta. Ya ɗiga ɗigo, bakinsa ya riga shi cewa in Allah ya so. Ya ɗora biro zai ja layi, hannun ya tsaya. Mutum na kwance, rai a hannun Allah, kai kuma ka soke sunansa? Arzika bai taɓa jin malamin da ya hana ba, amma zuciyarsa ta hana. Ya rufe littafin.

Littafin ya yi aikinsa. Magani bai ƙara tsallake shi ba. An gyara indararo. Taron suna da ɗaurin aure yana zuwa a ranarsu. Sai dai duk Juma'a bayan masallaci yakan zauna a zaure, ya mai da ɗigon Illo kibiya, ya kwafe sunan a sabon shafi. Rubutunsa a hankali yake, saboda haka sunan na daɗewa a hannunsa. Shi ya fara kama hannun Illo ya koya masa riƙon alƙalami a kan allo. Shi ya goya shi ya tsallake da shi gulbi lokacin da suke yara. Bai so tunawa ba, amma ba a kwafe suna ido a rufe.

Wata Juma'a Bara'atu ta leƙo ta kafaɗarsa, ta yi ta buɗa shafuka.

"Angona, kibau sun yi yawa. Yaƙi za ka?"

"Ba ruwanki."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta bar wasa. "Na biya Mabera jiya. Bakinshi ya fara nauyi, magana na yi mashi wuya. Ko ka soke, ko ka tahi. Ba kullum za ka samu mai jiran kibiyarka ba."

Ya dubi shafin ya daɗe. Sannan ya miƙe.

"Ɗauko min takalmi. Ki dama hura, kada ki cika ruwa, shi da kauri yake so."

Suka hau keke napep har Mabera. Ya yi sallama, matan gida suka ruɗe, wannan na shimfiɗa tabarma, waccan na jan mayafi. Ya wuce su ya shiga ɗaki. Illo na kwance, ya rame. Da ya ga wansa sai ya dafa katifa da hannun da ke motsi, yana ƙoƙarin sauka ya durƙusa.

"Kwanta. Wa ya ce ka tashi?"

"Yaya... zancen Hindu..."

"Ba shi ya kawo ni ba. Hannuna ne ya gaji da rubuta sunanka."

Illo bai gane ba, amma ya yi dariya da rabin fuska, hawaye na bin ɗaya rabin. Arzika ya zauna a bakin gado, ya tallafe kansa, ya kai masa ludayi baki.

"Sha. Tun kana yaro kake zubar da hura a riga."

Da suka koma gida ya buɗe littafin, ya kewaye ɗigon, ya ce alhamdu lillahi. Sai ya juya shafin Juma'a mai zuwa, ya sake ɗiga ɗigo, ya rubuta Illo.

"Ai ka kewaye shi," in ji Bara'atu.

"Na sani. Wanga sabo ne."