Abin Wuyan Zakanya

Dogo ya gaji da ɗaga eriya. Aikinsa ke nan tun yana da baƙin gashi: ya shiga daji da wani ƙarfe mai kama da ƙashin kifi, ya ɗaga shi sama, ya kasa kunne ga 'yar na'urar da ke rataye a ƙirjinsa. In ta yi ƙit-ƙit, to dabbar da aka ɗaura wa abin wuya tana kusa. Kafaɗarsa ta dama ta daɗe da yin yaji, gwiwa ma ta fara haɗa kayanta.

Zakanya ɗaya tak ta rage a gandun dajin. Bara suka harba mata allurar barci, Dogo da hannunsa ya ɗaura mata abin wuya mai aiko da saƙo. Tun daga nan kowace safiya ɗigo kan fito a taswirar kwamfutar ofis, ya nuna inda ta bi. Ofishin kuwa ɗaki ɗaya ne, da fanka mai kukan banza, da kujerar da bulo ke riƙe wa ƙafa.

Da rani an ga sawun wani zaki baƙo da ya ratsa gandun ya wuce. Sai damina ta sauka, ruwa ya cinye hanya, motar ofis ta kwanta jinya. Ba wanda ya sake shiga daji, sai dai kallon ɗigo. Ana nan sai tafiyar zakanyar ta sauya. Ta daina yawon nesa. Kullum ta fita, ta ɗan zaga, ta gangara rafi, ta komo wuri ɗaya ta kwana.

Shugabar ofis ta cire tabarau ta dube shi. "Dogo, me ke sa zakanya komawa wuri ɗaya kullum?"

"'Ya'ya, ranki ya daɗe. Sai mai shayarwa."

Rabonsa da farin ciki irin na ranar har ya manta. Ya sani sarai zaki da rana yake barci, wannan kuwa da rana take yawonta. Ya ga haka, ya kau da kai, ya ce wa kansa mai jego ba ta da lokaci. So ne, mai hana ganin laifi. Suka sanar da na sama, aka yi ta yi musu barka kamar su suka haihu.

Da ƙasa ta sha iska, shugaba ta ce gani ya kori ji, a je a ƙirgo 'ya'yan. Dogo ya ɗauki eriya, mai gadin gandu ya saɓa bindiga, suka shiga da ƙafa. Ciyawa ta kai ƙirji, laka na ƙwace takalmi, ƙudan daji sun mai da wuyansa akushinsu. Bayan rana ta karkata na'urar ta soma magana, can ƙasa-ƙasa, sannan da ƙarfi. Suka zagaya don kada iska ta kai mata warinsu. Dogo ya kwanta rub da ciki, ya ja jiki da tsofaffin gwiwoyinsa, ya buɗe ciyawa a hankali.

Shanu ne. Suna kiwo abinsu a bakin iyakar gandu, kuma ga wata jar saniya da abin wuyan, an yanke shi an ɗinke da igiya.

Ya daɗe a kwance bai tashi ba. Wani tsoho makiyayi ya taso daga gindin bishiya, ya dubi bindiga, ya dubi mutumin da ke cikin laka, ya yi sallama.

Dogo ya amsa, ya miƙe da ƙyar. "Baba, ina ka samo abin da ke wuyan saniyar nan?"

"Tsinta na yi, ɗana. Na ga fatar mai ƙwari ce, ita kuma wannan ba ta jin magana, na ce ya yi mata mariƙi. In naku ne ku cire, ban san da mai shi ba."

"A ina ka tsince shi?"

"A wuyan zakanya, can gefen rafi, farkon ruwa. Tarkon waya ya kama ta a ƙugu. Ko da na isa ta riga ta yi sanyi, ungulu ma ba su sauka ba."

Mai gadi ya sauke bindiga ya zauna a ƙasa. Dogo bai ji haushin tsohon ba, bai ma da ƙarfin jin haushin kowa. Baƙin ciki ne kawai ya cika shi, da wata gajiya da ta wuce ta tafiya. Duk daminar nan saniya yake bi zuwa rafi, yana yi mata addu'ar Allah ya raya.

Ya kama saniyar, ya yanke igiyar, ya riƙe abin wuyan. Na'urar ƙirjinsa na ta ƙit-ƙit, sai ya kashe ta.

"Mun ɗauka zakanyar haihuwa ta yi," in ji shi, ba don yana son amsa ba.

Tsohon ya jinjina kai, ya dogara da sandarsa.

"Ai saura kaɗan, ɗana. Da na same ta a tarkon, cikinta ya tsufa ƙwarai."