Kyandir ɗin Ljubinka

Ni Zivorad, shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa son yawon da ƙungiyarmu ta 'yan fansho take shiryawa ba. Mota ta jijjiga maka ƙashi awa huɗu, a sauke ka gaban tsohon gini a ce ka yi mamaki. Amma da na ji Ljubinka ta sa sunanta a tafiyar garin Karlovci, sai ni ma na sa nawa.

Ljubinka maƙwabciyata ce a garinmu Kraljevo, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta ya rasu, matata Milunka ma shekararta tara a ƙasa. 'Yar Ljubinka ta matsa mata ta sayar da gida ta koma wurinsu a birnin Nish, ita kuwa ta ce za ta ba da amsa ranar Lahadi. Mun tashi ran Juma'a. Allah ya sani ina son matar nan, bakina ne kawai ya ƙi buɗuwa.

Garin ya yi mana daɗi. Mun sha ruwa a wani famfo mai siffar zakuna huɗu, mun zauna a dandali muna cin wani kek da suke kira kuglof da kofi, ƙanshin inabi na saukowa daga tudu. Sau uku ina gyara murya, sau uku ina ƙarewa da zancen ciwon gwiwa.

“Maƙwabci, yau lafiyarka kuwa? Sai gyaran murya kake kamar mai shirin waƙa,” in ji ta.

“Ƙura ce,” na ce.

“Ƙurar gidanku!”

Da azahar muka shiga babbar majami'a. Na sayi kyandir biyu, ɗaya na Milunka, ɗaya na Ljubinka, kamar yadda na saba yi a ɓoye duk Lahadi. Wurin kafa kyandir tire biyu ne. Tiren sama, na masu rai, 'yan motarmu sun cika shi maƙil. Na durƙusa a tiren ƙasa, na matattu, na kafa na Milunka a cikin yashi. Sai na sumbaci na biyun, na raɗa sunan mai shi, na kunna, hannuna ya kafa shi nan kusa da na farko. Ni kuwa kunnena ya yi nauyi, raɗata har bakin ƙofa ake jin ta.

“Zivorad!” Ashe tana tsaye a bayana. “Sunan wa na ji?”

Na duba inda na sa shi, ashe a tiren matattu ne.

“Ka binne ni da raina? Kuglof ɗin da na ci ko sauka bai yi ba, har ka kai ni wurin matattu?”

Wata tsohuwa mai gyaran kyandirori ta toshe baki tana dariya. Ljubinka ta sunkuya ta zare kyandir ɗin, ta matsa na mutane gefe, ta kafa shi a sama da hannunta. Sannan ta ja ni waje, ƙarƙashin wata bishiya.

“Tun yaushe kake kunna mini?”

“Shekara uku.”

“Duk a ƙasa?”

“Haba! Yau ne kawai.”

“Shekara uku kana gaya wa kyandir, ni da ke bayan katanga ba ka gaya mini ba.” Ta gyara ɗankwalinta, idonta ya kawo ruwa. Ni ma nawa ya kawo, ba zan ɓoye ba.

“Kada ki tafi Nish,” na ce. Wannan karon da gangan na ɗaga murya.

Direban motarmu ya fara danna oda. Ta saƙala hannunta a nawa muka nufi mota a hankali.

“Ina zan tafi?” in ji ta. “In bar ka kai kaɗai da ashana? Ran Lahadi ka ƙwanƙwasa mini ƙofa da ƙarfe takwas, tare za mu je majami'a, in ga inda kake sa ni.”