Gurbin da Rubutu Ya Ƙi Shiga

Almakashi ake ce masa, don tun zamanin da ake yanka hoto da hannu a manna da gam yake aikin tsara shafi. Da kwamfuta ta zo bai gudu ba kamar sa'o'insa, ya zauna ya koye ta da furfurarsa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bayan maɗaba'a: teburi, fanka mai kuka, da kujerar baƙo mai gajeriyar ƙafa.

A kan kujerar nan Manajan kamfanin motocin dakon kaya ya zauna ranar Litinin da hantsi. Duk shekara ana sabunta ɗan littafin tarihin kamfaninsa, kuma Almakashi ke tsarawa. A shafi na uku akwai hoton Manaja da mutanensa huɗu a tsaye. An cire musu bango, rubutu yana zagaye su, yana bin kafaɗu da gwiwar hannu.

Manaja ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfuta.

"Cire mini wannan na gefe, dattijo. Shi kuma ka buga mini shi daban, shi kaɗai, kamar yadda muka saba."

Almakashi ya dubi wurin da yatsan ya taɓa. Sau biyu aka taɓa ba shi irin wannan aiki. Na farko mai kula da sito ne, wanda kwana takwas bayan an cire shi aka tsince shi a gefen titi, har yau da sanda biyu yake tafiya. Na biyu bakanike ne, matarsa tana nan tana cigiya. Hoton da ake bugawa daban, ba sai an gaya wa mai hankali hannun su wa yake shiga ba.

Na gefen nan kuwa direban Manaja ne, mijin 'yar Almakashi, uban jikokinsa uku.

"Ranka ya daɗe, wani laifi ya yi?"

"Yana da ido da yawa," in ji Manaja, yana goge yatsansa da hankici. "Na san surukinka ne. Shi ya sa nake so in ga ko bakinka na da marfi. Duk kalmar da ta fita, na san ƙofar da ta bi. Gobe zan aiko a karɓi gwajin shafin."

Almakashi ya wuni a gaban hoton. Sau uku ya ɗauki waya, sau uku ya ajiye. Tsoro abu ne mai muni ga tsoho, amma yana kama shi kamar kowa. Da la'asar ya kama linzamin kwamfuta ya fara zagaye, ɗigo bayan ɗigo. Ya bi kan mutumin, ya sauko ta kafaɗar dama da ta sunkuya saboda shekarun tuƙi, ya bi hannun da ke dafe da ƙugu, har zoben makullan da ke lilo a yatsa. Ya danna. Direba ya ɓace. Ya tura shafin ga injin bugawa, ya zura takardar a ambulan bai ko kalle ta ba, don idonsa ba zai iya ba. Hoton Direba shi kaɗai kuma ya buga, ya jefa a aljihun teburi.

To, a wannan aiki layi biyu ne. Akwai wanda ke yanke hoto, akwai wanda ke gaya wa rubutu inda zai tsaya. Wanda ya gyara na farko dole ya gyara na biyu. Shekara goma sha biyar Almakashi yana yi wa masu koyo faɗa a kan haka. Ranar shi ya manta.

Washegari mota ta tsaya a ƙofa. Wanda aka aiko karɓar gwaji shi ne Direba da kansa. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ina kwana? Jikarka ta ce in gaya maka ta fasa aurenka, wai ba ka da haƙori."

Almakashi ya nemi dariya bai samu ba. Ya tura masa ambulan.

"Bari in ga ko bana an rage mini tumbi," in ji Direba, ya zaro takardar.

Mutum huɗu a tsaye. A gefensu fili fari fat, rubutu ya zo ya yi cirko-cirko a bakinsa ya ƙi shiga. Layukan sun lanƙwasa sun fitar da kai, sun sauko ta kafaɗa mai sunkuyawa, sun kauce wa gwiwar hannu, har ɗan zagayen makullai sun bar masa wurinsa. Ko jikar nan mai shekara huɗu da ta gani za ta ce ga babanta.

Sai a lokacin Almakashi ya ga abin da ya yi. Direba ya daɗe yana kallo, murmushin yana bushewa a fuskarsa. Shi ya kai mai sito asibiti, ya san ma'anar gurbi a shafi na uku.

"Baba, an buga na daban?"

Idon Almakashi ya sauka kan aljihun teburi. Direba ya jawo, ya ɗauki hotonsa, ya ninka ya sa a aljihu. Ya ajiye makullan mota a kan takardar, daidai inda rubutu ya bar musu wuri.

"Zan biya in ɗauki su yaran. Ka yafe mini, Baba."

Ya fita ta ƙofar baya, ta cikin maɗaba'a.

Bayan azahar Manaja ya zo da kansa, da wasu mutum biyu da suka tsaya a ƙofa suka tare haske. Ya dubi motarsa, ya dubi makullai, ya ɗaga takardar yana karkata kai.

"Ka gaya masa?"

"Wallahi ban buɗe baki ba, ranka ya daɗe. Kuskuren aiki ne."

"Kuskure. Kai da ba a taɓa kama ka da ko ɗigo ba." Ya yi dariya a hankali. "Gyara shi ina kallo."

Almakashi ya kama linzami. Ya goge tsohon layin. Nan take rubutu ya malalo ya cike gurbin, kamar ba a taɓa yin mutum a wurin ba. A ransa yana ƙirga nisan da motar haya ke yi cikin awa huɗu, ya ga ya isa.

"Ka gani? Ka iya aiki," in ji Manaja. Ya zaro wayarsa, ya ja da baya taku biyu, ya ɗaga ta. "Duk shekarun nan ba ni da hotonka, dattijo. Ɗago kai. Tsaya daidai."