Kofin Wilf a Farin Zomo

Ranar da na kira taro a zauren coci kan maganar Farin Zomo, kujerun da na jera sun fi mutanen da suka zo yawa nesa ba kusa ba. Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce mashayar ƙauyenmu ce, a cikinta aka yi walimar auren rabin mutanen Skelby, a cikinta ake cinikin tumaki, a sasanta rigimar iyakar gona. In muka haɗa kai, ba mai mayar da ita masaukin 'yan yawon shaƙatawa. Baba Seth, tsohon makiyayi, ya yi barci tun ban kai rabi ba. Matar limamin coci ta ce lallai abin takaici ne, sannan ta tambaya ko akwai mai son ƙarin shayi.

Haka mutanenmu suke. An rufe makaranta, abin takaici ne. An janye bas ɗin da ke kai mu kasuwa, abin takaici ne. Ina jin ko ƙauyen aka ɗauke ɗungurungum, za su tsaya a filin da ya rage su girgiza kai, su koma duba tumaki.

Da na koma gida na tarar da kakata Maud a kicin tana feraye dankali. Ita da kakana Wilf ne suka riƙe Farin Zomo tun kafin a haifi mahaifiyata, har ranar da kamfanin giyar da ya mallaki ginin ya sa masa kwaɗo.

"To, Malama mai digiri, an ceto duniya?"

"Ke ma ba ki je ba, Kaka. Ke da kika tsufa a bayan kantar mashayar nan kina sayar da giya."

"Shi ya sa na san yadda ƙafa ke kumbura. So kike ki mayar da ni?"

"So nake wani ya ji haushi, ko mutum ɗaya ne. Ranar Litinin Dougie magini zai fara fasa bango, ku kuna nan kuna shan shayi."

Wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Litinin ɗin nan?"

"Ita."

Ta ajiye wuƙar. Sannan ta ce, "Bryony, ba a zuba wa kakanki ba."

Duk wanda ya zama ɗan gida a Farin Zomo yana da kofinsa na kuza, rataye a ƙugiyarsa a jikin katakon da ke saman kantar sayar da giya. In ya mutu, bayan an dawo daga maƙabarta sai a sauko da kofin, a cika shi da giya, a ajiye a inda ya saba zama. Ba mai taɓawa. In an kaɗa ƙararrawar tashi, matar gida ta ɗauka ta zuba a gindin bishiyar tuffa da ke bayan gida, a mayar da kofin ƙugiyarsa. Kaka ta yi wa mazan ƙauyen nan haka ɗaya bayan ɗaya. Amma Wilf ya rasu ne bayan an rufe wurin, mabuɗi kuwa yana can birni a aljihun wanda bai taɓa jin sunansa ba.

"Duk shekarun nan ba ki faɗa wa kowa ba?"

"Wa zan faɗa wa? Ai kowa ya sani."

Wannan amsa ta fi taron ƙona mini rai. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru.

Da safiyar Asabar na riƙo ta muka nufi Farin Zomo. Dougie Raine magini ne daga Darlington, ya auri 'yar ƙauyenmu bai daɗe ba, shi sabon mai ginin ya ba aikin. Ya buɗe mana yana ta fara'a. Warin tsohuwar giya da toka na nan yadda na san shi ina ƙarama, lokacin da nake zama ƙarƙashin teburin bakin murhu ina cin soyayyen dankali. Kaka ba ta kalli komai ba sai katakon da ke saman kantar. Ƙugiyoyin duk ba komai a kansu.

"Kofuna kike nema, Mama? Kwantar da hankalinki," in ji Dougie. "Na ce wa yarana kada wanda ya jefar da ko ɗaya."

Ya jawo kwali daga bayan kanta. Suna ciki a jere, sai walƙiya suke kamar yau aka ƙera su.

"Ni da matata muka goge su. Sun yi baƙi ƙirin. Na ce a bai wa coci ko wani, don tarihi."

Ba sunan kowa a jikin kofunan nan. Ba a taɓa buƙata ba, ƙugiya ce sunan. Na Wilf shi ne na kusa da agogo.

Kaka ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta ajiye. Ta ɗauki wani.

"Bai taɓa barin kowa ya goge masa nasa ba," ta ce a hankali. "Da baƙinsa na san shi."

Dougie ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ta. Na buɗe baki zan sauke masa abin da ke raina, Kaka ta matse mini hannu.

"Bar shi. Alheri ya yi niyya."

Na bar su a nan na fita. Wannan karon ban manna sanarwa ba, ban jera kujeru ba. Gida gida na bi ina buga ƙofa. Na ce duk wanda ubansa ko mijinsa ko shi kansa ke da kofi a Farin Zomo ya zo ya ware nasa yanzu, don mu ga wanda zai rage. Na sami Baba Seth a garke.

"Wani taron ne kuma, 'yar nan? Ban gama hutawa daga na farko ba."

"Ba a zuba wa Wilf ba, Baba, kuma an cakuɗa kofuna."

Ya rufe garke ya biyo ni, ko takalmin aiki bai canza ba.

Kafin rana ta karkata ɗakin ya cika. Mutanen da suka ce ciwon gwiwa ya hana su zuwa zauren coci, ga su nan sun hawo tudu da ƙafarsu. Wata ta gane na mijinta da lotsewar da ya yi ranar da ya jefi kare da shi bai samu ba. Wani ya gane na mahaifinsa da wayar da aka ɗaure mariƙin. Baba Seth ya sa nasa a baki ya ce ba shakka shi ne, ga gurbin haƙorinsa na da.

"Lokacin kana da haƙora ke nan," in ji Kaka.

"Giyarki ce ta zubar da su, Maud."

"Tawa ko wadda kake sha a ɓoye a garin maƙwabta?"

Aka yi dariya. Kwalin ya yi ta raguwa har saura biyu, iri ɗaya sak, ba tabo ba lotsewa. Wilf ba mashayi ba ne sosai, nasa bai sha wahala ba. Ɗayan kuwa ba wanda ya zo nema.

Baba Seth ne ya tuna. Na Cathal ne, wani mutumin Ireland da ya yi shekaru yana gyara mana katangun dutse. Wata shekara a lokacin kaka ya tafi bai dawo ba. Wilf ya hana a sauke kofinsa, ya ce ba wanda ya kawo labarin mutuwarsa. Aka yi ta laluben sunan mahaifinsa, ba wanda ya kamo shi.

"In yana raye, ya girmi bishiyar ma," in ji Seth.

Kaka ta dubi kofunan biyu. "A cika duka. Wilf ba zai ƙi sha da baƙo ba, ai sana'arsa ke nan."

Dougie da kansa ya tuƙa mota ya sayo kwalabe, tunda famfon giyar mashayar ya bushe tuntuni. Aka ajiye kofunan a kan dogon bencin da ke ƙarshen kanta, inda Wilf ke zama in ciniki ya lafa. Aka zauna ana hira. Na ji abubuwan da ba a taɓa gaya mini ba: yadda Wilf ya nemi auren Kaka ta ƙaramar tagar da ake miƙa wa mata abin sha, don a lokacin ba a barinsu su shiga babban ɗaki, yadda ita ta sa aka toshe tagar a makon farko na aurensu, yadda aka haifi mahaifiyata a sama ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, maza a ƙasa suna wasan jifan kibiya suna yi kamar ba su ji komai ba.

Na kasa haƙuri. Na miƙe na ce, "Ku dubi ɗakin nan. Ga ku duka. Ina kuke ranar da na kira ku?"

"Jana'iza muka zo, 'yar nan," in ji Baba Seth. "Ba taro ba."

"Abin da kuka iya ke nan."

Ba wanda ya musa mini. Da sun musa da na fi jin daɗi.

Da yamma ta yi, Kaka ta shiga bayan kanta ta kaɗa ƙararrawa. Ta ɗauki kofi ɗaya, ta miƙo mini ɗayan. Muka fita bayan gida, jama'a na biye da mu. Tuffa sun zubo sun ruɓe a cikin ciyawa, ba mai tsincewa. Ta zuba nata a hankali har ya ƙare, na zuba nawa, ban san ko kakana nake zuba wa ba ko mutumin da ba wanda ya riƙe cikakken sunansa.

Na tambayi Dougie me za a yi da bishiyar. Ya ce a zanen da aka ba shi nan ne wurin ajiye motoci, amma zai yi wa mai ginin magana. Na san irin maganar.

Ba a mayar da ko kofi ɗaya ƙugiya ba, kowa ya tafi gida da nasa. Kaka ta sa biyun a jakarta. Da muka isa ta ce in samo guduma da ƙusa biyu, ta nuna mini bangon kicin, kusa da agogo.