Jirgin da Babu Sitiyari

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma laifin 'yata Zuwaira ne. Ita ta matsa wai sai ni da uwarta, Laraba, mun shiga jirgin ruwa na shaƙatawa a kogin Kwara, mu yi kwanaki muna kallon gaɓa. Laraba na so, amma ta ce in ban je ba, ba ta zuwa. Ni kuwa tsohon direban tirela ne, ban taɓa zama fasinjan kowa ba.

Sai ga ni cikin jirgin, rana tsaka. Wani bunsuru mai hular kyaftin ya tare ni, yana cin gefen taswira.

Na ce, "Ina sitiyari?"

"Mun ba kifaye aro."

"To birki fa?"

"Haba Alhaji, birkin me? Ai a tsaye muke."

Na leƙa, ashe gaskiyarsa. Garuruwa ne ke zuwa su wuce ta gefenmu, da kasuwanninsu da shanyarsu. Wani ƙauye ma ya tsaya ya gaishe mu, ya tambayi hanyar Yawuri. Ruwan sama ya taso daga kogi ya nufi gajimare, kowa ya kife lemarsa ya tsaya a kai.

Can wani kunkuru ya wuce mu a kwalekwale, har da ɗaga mini hannu. Ni! Ni da babu motar da ta isa ta sha gabana daga Kano har Legas! Na nemi hon, aka miƙo mini agwagwa. Na matsa ta, ta ce, "Yi haƙuri, yau ina hutu."

Sai kuma ga ni a saman jirgin. Laraba ta miƙe ƙafa a kujera, wani kada mai tabarau yana zuba mata shayi. Labari take ba shi, na ranar da ta ɓata a kasuwa tana yarinya. Farkonsa na sani sarai, don duk sanda ta ɗauko shi lodi ke kirana. Kadan nan ya yi ta ƙyaƙyatawa, ita ma tana wata irin dariya da ban san tana da ita ba. Wallahi kishi ya turnuƙe ni.

Na ce, "To daga nan sai me?"

Kadan ya dube ni ta saman tabarau. "Ƙarshen labarin na waɗanda suka zauna ne. Kai a tsaye kake."

Duk kujerar da na nufa sai ta tayar da inji ta gudu. Na zauna a ƙasa dirshan. Laraba ta juyo, ta buɗe baki.

Injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni. Na fito na tarar da ita tana shara.

Na ce, "Kira Zuwaira, ki ce za mu."

"Kai ɗin? Za ka iya zama wuri ɗaya?"

"Zan zauna. Amma labarin ɓatanki a kasuwa, kar ki ƙarasa wa kowa sai ni."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Ta ce, "Ashe kana ji."