Tagar Sadaka

Goggo mai zare ta tsufa a shago ɗaya na ƙasan benen da ubanta ya bari a tsakiyar gari. Sauran ɗakunan jemagu ne suka gaje su. Ita ke tara bokitai in rufi ya yi yoyo, ita ke korar masu fitsari a gindin matattakala, dangi kuwa ko leƙe. Sai da aka fara cewa tsofaffin gine-gine sun yi daraja, sannan ɗan ƙanenta, wanda ake kira Ɗan Gayu, ya tuna benen na kakansa ne.

Ya zo da magina da kafintoci, da wani mai hoto da ke bin sa kamar jela. Aiki kam an yi. An kankare fenti har jan bulo ya fito, an sake katakon bene, an tono tayil ɗin da siminti ya binne. Bakin Ɗan Gayu ne ya tsaya wa Goggo a wuya. Ko ƙusa mai tsatsa aka zaro sai ya ɗaga ta ya ce tarihi.

Rannan magina suka fasa wani wuri da aka toshe a bangon baya, sai ga 'yar taga mai sandunan ƙarfe tana kallon lungu. Ɗan Gayu ya dafe ƙirji.

"Goggo, ba ta nan Kaka yake miƙa wa mabukata sadaka a ɓoye ba?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ya gaya maka?"

"Ai da gani babu tambaya."

"Da ka tambaya, ɗan nan. Shekarar da sukari ya yi wuya, ɓoye shi ya yi, yana sayarwa ta nan da mudun da ya doke wa gindi. Sandunan kuwa don kada a shaƙo shi ne."

Ya tuntsire da dariya. "Goggo ke nan, ba kya rabo da barkwanci."

Kafin mako ya zagayo an kafa allon tagulla a kan tagar, an rubuta Tagar Sadaka. Shagon Goggo kuma aka ce wurin shan shayi za a yi, zare ba ya kyau a hoto.

Ranar buɗewa dangi suka cika benen, kowa ya sha ado. Ƙanwarta, wadda ko da rufi ya rufta ba ta zo jaje ba, ta rungume sandunan tana sharɓar kuka, wai ta tuna Baba. Aka zaunar da Goggo a kujera mai laushi kusa da allon, kamar ita ma tono ta aka yi. Wani baƙo ya tambaye ta labarin tagar, ta ba shi yadda yake, har da mudun. Jama'a suka yi ta tafi.

"Tsohuwar nan akwai ban dariya!"

Goggo ta ja tsaki, ta miƙe, ko shayinsu ba ta taɓa ba. Washegari ta kafa teburinta a tsallaken titi, kusa da mai gyaran takalmi, ta juya wa benen ƙeya. Da mai gyaran takalmin ya tambaye ta ko ba ta kewar gidan ubanta, ta ce, "Ubana mugu ne, amma aƙalla bai taɓa cewa shi waliyyi ba ne. Matsa min inuwa."